Guntuwar Azarar Ɗakin Kaka

A gidanmu na Ƙofar Na'isa, ɗakin Kaka Fanna ne ya fi kowanne tsufa. Ginin ƙasa ne, rufinsa azara, hayaƙi ya mayar da su baƙi ƙirin. In damina ta yi nisa, bayan an ci tuwo, mukan taru a nan mu jikokinta, ta ajiye kaskon garwashi a tsakiya tana gasa mana masara. Ruwa na dukan soro, indararo na zuba, ita kuwa ba ta farawa sai kowa ya yi tsit.

Akwai tatsuniyar da nake tsoro, kuma ita ta fi yi mana. Wai wani mutum ne 'ya'ya suka yi masa yawa, ya tashi ƙara ɗaki, ya rasa itacen da zai ɗora a kan ƙofa. Sai ya shiga tsohon ɗakinsa ya ɗaga kai yana tambayar azarun ɗaya bayan ɗaya me suke ɗauke da shi. Kowace doguwa ta ce ai ita ke riƙe da gidan. Wata guntuwa a kusurwa ba ta ce uffan ba. Ya ce wadda ba ta da ta cewa ba ta da aikin yi, ya zare ta.

“Ranar farko lafiya,” in ji Kaka, tana juya masara. “Rana ta biyu lafiya. Rana ta uku hadari ya haɗo daga gabas.”

Sai ta ɗaga ido sama, mu ma mu ɗaga.

Na ce, “Kaka, yaran suna ciki?”

“Kai Ado, maigidan nan nawa da tsoro kake! Ci masararka.”

Har ta rasu ba ta ba ni amsa ba.

Bara ɗana Nasiru da matarsa suka samu haihuwa ta biyu, ɗakin Kaka da na ba su ya yi musu kaɗan. Muka shirya a ƙara ɗakin bulo a bayansa, a fasa ƙofa tsakani. Nasiru ya kawo zane a takarda, na bi shi da yatsa a hankali kamar yadda muke yi a ajinmu na yaƙi da jahilci. Ƙofar ta faɗo daf da kusurwa, daidai inda babbar 'yarsu Ummi take kwana.

Ranar da magini, Malam Sabo, ya hau tsani da zarto, ina tsaye a ƙasa. Ya ɗora haƙoran zarton a kan wata guntuwar azara da ta gitta kusurwar.

“Wannan ce ta tare kan ƙofar, Malam Ado. Minti biyar.”

Na ce, “Dakata.”

Nasiru ya ce, “Baba, ko kamu biyu ba ta kai ba. Ga hadari can, in ba a gama yau ba a buɗe za mu kwana.”

“A tokare rufin tukuna, a kankare ƙasar mu ga abin da ke kanta.”

Malam Sabo ya yi dariya. “Itacen nan ya girmi babanka, hutu yake nema.”

Ta ina zan fara, in ce tatsuniya ce ta hana ni? Na dai riƙe ƙafar tsanin ban saki ba. Iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya. Da Malam Sabo ya ga ba zan matsa ba, ya yi tsaki ya sa aka kafa tokara biyu, ya shiga kankara. Ƙasa na zubo mini a hula. Can sai dariyar ta ɗauke. Kawunan dogayen azara shida ne a kwance a kan guntuwar, ba ɗayansu da ya kai bango.

Ya sauko a hankali ya ajiye zarton. Nasiru ya kalli tabarmar Ummi, ya je ya naɗe ta da kansa.

An bar azarar, aka rage wa ƙofar tsawo. Yanzu duk mai shiga sabon ɗakin sai ya sunkuya, Nasiru kuwa ya sha buga goshi.

Ina yaro na ɗauka Kaka tsoratar da mu take yi don mu bar hawa soro. Yanzu nakan tuna cewa mijinta ya rasu da wuri, ita ta riƙe mu duka da kuɗin ƙuli-ƙuli, ban taɓa jin ta faɗa ba. Kuma na gane dalilin da ya sa ta ƙi gaya mini ko yaran suna ciki. Da ta ce sun tsira, da na saki tsanin nan.