Shekarar da Majema Suka Ƙi Fatun Layya

Shekarar da tsawa ta tsaga kukar bakin kasuwarmu ce, kafin mulkin kai, ina goyon ɗan fari. Mu majema ne a wani ƙauye kusa da Kiru, kuma ban taɓa sunkuyar da kai don haka ba.

A lokacin kowane gida akwai sakaina saƙale a danga. Tamu ce. In ƙishi ya kama majemi da ita zai sha, wai hannunmu na warin jima. To gugan da suke jan ruwan, wa ya jeme shi? Buzun da liman ke salla a kai fa?

Ranar wani suna a gidan mai unguwa, Inna ta je barka. Rana ta dake ta, ta ɗauki moɗar kan randa ta sha. Uwargidan ta fizge moɗar ta taka a gaban mata, 'yarta budurwa har da guɗa.

"Ke 'yar jima, kin ɓata mana randa!" in ji uwargidan.

Inna ta tsince ɓaraguzan ta ƙulle a bakin zane.

Da layya ta zo, ta zube su gaban Baba da ƙannensa, ta ce duk wanda ya jiƙa bagaruwa don fatar garin nan ya nemi mai tuƙa masa tuwo. Aka aika wa danginmu na Yako da Bebeji, suka ce sun ji. Fatun layya suka yi tsutsa a bayan gidaje. Warin da suke mana gori ya kwana a ɗakunansu. Rani ya tsananta, gugunan fata suka yayyage, aka koma zura ƙwarya, tana bugun bangon rijiya tana tarwatsewa.

Mai unguwa ya turo dattawa. Inna ta ce ƙafar da ta taka moɗar ita za ta tako. Sai ga uwargidan cikin lulluɓi.

"Maraba da uwar masu tsabta," in ji Inna. "Baƙo ai da ruwa ake tarbarsa."

Ta cika moɗarmu ta miƙa mata. Ina kallon maƙogwaronta, ta shanye tas. Inna ta karɓa, ta ajiye a ƙasa, ta murƙushe da diddige.

"Gobe a kawo fata."

Kafin damina babu sakaina ko ɗaya a dangar garin.

Duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni, da makahon ƙanina, da mai guɗar nan, tana Tudun Wada. Bara ta zo mini ta'aziyya, ta ce ƙishi take ji. Na sa jikata ta nemo sakaina.