Fiyus Ɗin Yana Aljihunka, Badamasi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Ramadan, wadda ta yi daidai da 11 ga Maris 2025, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran Badamasi Liti na Yola ta Karaye, mai aikin wayar lantarki. Ya rasu a cikin silin ɗin ɗakin mahaifiyata a Rogo, yana da shekara talatin da takwas. Ni Badaru, abokinsa na shekara ashirin, ni ne sanadi. Da hannun hagu nake wannan rubutu, don na dama a ɗaure yake, kuma ban ga laifin wanda ya karya shi ba.

Badamasi, duk wanda ka taɓa yi wa aiki ya san al'adarka. Kafin ka taka tsani sai ka je bango ka zare fiyus ɗin gidan, ka jefa shi a aljihun rigarka, ko da kuwa an yi mako ba a ga wuta ba. Sarkin Tsoro nake kiranka, kai kuma ka yi dariya ka ce wuta ba ta da aboki, ba ta kuma sallama in za ta shigo. Na tuna ranar da ka tarar na haɗa bakin fiyus ɗin shagona da guntun waya, kamar yadda rabin garin nan ke yi. Ka buge min hannu a gaban masu sayen ƙanƙarata, ka ce, “Wannan guntun wayar, wata rana sai ya ci mutum.” Na yi kwana biyu ina fushi da kai.

Kai ka ja waya a wani masallaci a Zoza, ka ƙi karɓar ko kuɗin mai. Tsofaffi su ne mutanenka. Da Inna Hajo, mahaifiyata, ta yi maka kukan cewa ƙwan ɗakinta yana tsakiyar silin, inuwar kanta na rufe mata Alƙur'ani in ta zauna a kan dardumarta, sai ka ce za ka matso mata da shi, ka kuma ja wata wayar zuwa hanyar banɗaki don kada ta sake faɗuwa. Da bakin azumi ka taho daga Karaye. Tayarka ta yi faci a bakin gari, ka bar babur ɗin wurin mai faci ka ƙaraso da ƙafa, shi ya sa ban ga alamarka a ƙofar gida ba.

Kwana uku babu wuta, ƙanƙarar da ke cikin firizata ta zaure ta zama ruwa. Ina kasuwa na ji an ɗauki ihun an kawo wuta, na rugo gida. Na duba bango, babu fiyus. Na san ma'anar wannan fiye da kowa a Rogo, amma hankalina na kan ƙanƙara. Ban leƙa cikin gida ba, ban yi ko sallama ba. Na tsinci guntun waya na cusa.

Ƙarar da na ji ba za ta bar kunnena ba har in mutu. Na shiga na tarar silin ya fashe, ƙafarka ɗaya ta ɓullo tana harbin iska, jikinka na dukan katakon rufi kamar ana sussuka. Ɗakin ya cika da ƙaurin fatar mutum. Inna na ƙoƙarin kama ƙafarka, na hankaɗe ta ta faɗi, na koma zaure na fizge wayar. Da muka sauko da kai, filayar da kake kama waya da ita ta manne a tafin hannunka, sai da aka ɓamɓare ta da fata. Ka cije harshenka, jini ya jiƙa gemunka. Ba mu kai asibiti da kai da rai ba.

Abin da na yi bayan nan ya fi na farko muni. Na ɓoye guntun wayar, na kama bakina. A cikin ruɗanin babu wanda ya duba bango. A wurin zaman makoki ina ji ana cewa, “Allah sarki, gwani ma yakan yi sake. Ya ga babu wuta, ya hau bai cire fiyus ba.” Kwana biyu ina gyaɗa kai, ana liƙa maka sakacin da ba ka taɓa yi ba. Na kashe ka, sannan na zauna a tabarmar gidanku ana ɓata maka suna.

Ranar uku na miƙe a gaban jama'a na faɗi gaskiya. Ban rufe baki ba ƙanenka Suhaibu ya ɗauko gora. Dukan farko ya karya min hannu, na biyu ya zubar min da haƙora biyu. Wasu suka rufe ni da ƙafa, ina jin ana cewa a gama da shi. Wallahi ban kare kaina ba, so nake su gama. Sai mahaifinka, Malam Liti, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, ya faɗo a kaina ya rufe ni da jikinsa.

“Duk wanda zai ƙara, ya fara da ni,” in ji shi. “Gawa ɗaya ta ishe ni a watan nan.”

Da aka lafa, ya sa hannu a aljihu ya ɗauko fiyus ɗin gidanmu. Ya ce, “Badaru, a rigarsa na same shi ranar da za a yi masa wanka. Tun ranar na san ɗana bai yi sake ba, wani ne ya haɗa. Jira nake in ga ko mai shi zai zo da ƙafarsa. Ni dai na yafe nawa. Karɓi abinku.”

Na miƙa hannun hagu na karɓa.

Suhaibu bai yafe ba, ya faɗa min a idona, kuma yana da gaskiya. Matarka Rumasa'u tana takaba, ba ta aiko da ko kalma ɗaya ba, ni ma ba ni da fuskar aika mata. Bayan sallah zan ɗauki azumin kaffara na wata biyu a jere. Na san ba zai mayar wa 'ya'yanka uku da ubansu ba.

Jiya na kira Mujahid, wani mai irin sana'arka, ya hau ya naɗe bakin wayar banɗakin da ba ka ƙarasa ba. Da ya sauko na mayar da fiyus ɗin da hannuna, Inna ta danna makunni. Ƙwan ya kama, daidai saman dardumarta, babu inuwa ko kaɗan a kan shafin. Ashe nata ka fara gamawa. Ta buɗe Alƙur'anin, kuka ya hana ta karanta ko aya ɗaya.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Badamasi, Ka karɓi azumin da ya mutu da shi a bakinsa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Malam Liti, da Rumasa'u da 'ya'yanta, da Suhaibu, da dukkan mutanen Yola. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Wanda ya iya yafe min, Allah Ya saka masa. Wanda bai iya ba, ba zan ga laifinsa ba. Abu ɗaya nake roƙo: duk inda aka ambaci rasuwar Badamasi, a faɗa cewa ya cire fiyus ɗin.