Hatimin Kwata

Shekarar da aka yanke mu daga tsohuwar ƙaramar hukuma aka ba mu tamu, sai da aka yi rabon kaya kamar na gado, kuma mu ne magadan da suka zo a makare. Abin da ya faɗo mana shi ne benci uku, da kabad ɗin da makullinsa ya ɓace, da keken rubutu mai cinye harafi ɗaya, da wata mota da ba ta tashi sai an tura. Sai kuma ma'aikata, har da ni a ciki. Ban taɓa tambaya ko tsohuwar hukuma ta yi kewata ba, don ina jin na san amsar.

Sakatariya ba mu da ita, gidan wani ɗan kasuwa aka kama mana haya. Kantoma, wato wanda gwamnati ta naɗa ya riƙe mu kafin a yi zaɓe, ya ɗauki ɗakin maigida. Mu 'yan sashen noma da dabbobi madafa ta faɗo mana, bangonta baƙi ƙirin da hayaƙi. Tsofaffin abokan aikinmu in sun gamu da mu a kasuwa sai su ce ina kwanan 'yan haya, ko an sauke tukunya. Wasu cikinmu dariya suke yi. Ni kuwa zuciyata a kusa take, abin yana ƙona mini rai, har na ƙudura cewa sai an ga wani abu guda da hukumar nan ta yi daidai, ko da a hannuna ne ni kaɗai.

Da yake lafiyar dabbobi na karanta, aka tura ni duba nama a ƙaramar kwatar da ke bakin unguwarmu, wadda sabuwar iyaka ta jefo ta ɓangarenmu. Kantoma ya ce ai ni ɗan gida ne, ba za a sha wahala ba. Gaskiya ne ɗan gida nake. Mu mahauta ne kaka da kakanni a Sakkwato. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, yayansa, Baffa, ya riƙe ni. Shi ya koya mini fiɗa ba tare da na huda fata ba, shi kuma ya kai ni makaranta a lokacin da dangi ke cewa zai lalata hannu mai kyau. Tun da na zama mutum, kullum bayan magariba kwano ɗaya muke ci ni da shi a zaure, ko bayan na yi aure hakan bai canja ba.

Wata uku na yi ina duba nama ba hatimi, domin hatimin yana cikin abin da tsohuwar hukuma ta riƙe. In na gama dubawa sai dai in ɗaga kai in ce lafiya lau, mahauta su ce to, Allah ya saka. Masu dafa abincin sayarwa kuwa, musamman na Sabon Gari, suka fara ƙaurace mana, suna tafiya babbar kwata inda za su ga shaida a jikin nama. Na yi ta zarya ofishin kantoma har ya gaji da ganina, ya rubuta mini takardar izinin yin sabon hatimi. Na kai wa wani mai sassaƙa hatimi a Sabon Gari, na tsaya a kansa yana yanka roba da 'yar wuƙa, ina ta gyara masa, har ya ce in na iya in karɓa in yi da kaina.

Ranar da na fara bugawa ba zan manta da ita ba. Shuɗiyar tawada ce irin wadda in ta taɓa hannu sai ta kwana uku ba ta fita ba. Saniyar farko ta Baffa ce, na buga mata a cinya, na buga a kafaɗa, na buga a haƙarƙari, na koma cinya na ƙara, sai da wani ya tambaye ni ko marina zan mai da kwatar. Tun daga ranar sunana ya koma Mai Hatimi. Baffa bai ba kowa cinyar nan ya ɗauka ba, da kansa ya saɓa ta har teburinsa, ya juyo wajen shaidar yana fuskantar hanya. Duk wanda ya tsaya sai ya nuna masa da bakin wuƙa.

"Ku duba da kyau, ɗana yab buga shi."

Na ji daɗi har cikin raina, ba zan ɓoye ba. Sunan hukumar da ake yi wa dariya ne a jikin naman nan, kuma masu saye suka fara dawowa.

Akwai wata al'ada a kwatarmu da dole in faɗa, don a kanta komai ya juya. Idan dabbar mutum ta mutu a hanya, ko ta faɗi kafin a kai mata wuƙa, ba a barin teburinsa wofi. Kowane mahauci zai yanko wani abu daga nasa ya ɗora masa, don kada masu saye a wurinsa su watse. Cika tebur muke ce da shi. Amma wanda malamin duba nama ya ƙwace wa saniya ba a yi masa haka, domin a ganin manyanmu wannan ba ƙaddara ba ce, abin kunya ne, kamar an kama mutum zai cuci jama'a. Saboda haka babu mai yarda a kama shi. Wanda ya buɗe ciki ya ga huhu ba kyau sai ya tura shi ƙarƙashin fata kafin malami ya iso, malamai kuma sun saba da kau da kai. Na san da haka tun ina yaro, ni ma na taɓa tura huhu ƙarƙashin fata da ƙafata.

A tsakiyar bazara Baffa ya sayo wata farar saniya daga kara, wato kasuwar shanu, mai cikar ƙirji, kowa ya yaba. Aka yanka ta bayan asuba. Ina ɗaya gefen ina duba ta wani, sai na lura hayaniya ta ragu a wajen Baffa. Da na iso na tarar ya tsaya da wuƙa a hannu. Huhun cike yake da fararen ƙuraje masu tauri, na sa wuƙa na tsaga ɗaya ya fashe kamar busasshen cuku. Na duba bangon haƙarƙari, suna nan jere. Na duba hanta, ita ma ta kamu. Tarin fuka ne, kuma ya bi jiki. Baffa bai ɓoye huhun ba, wataƙila don ya ga ni ne malamin. Ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Hidda huhun, ka buga hatimi ga sauran. Haka munka iske ana yi."

"Baffa, ta kai ga haƙarƙari. Ba ni iyawa."

"Ni nik koya maka riƙon wuƙa."

"Kai kak koya mani, Baffa. Kai kuma kak kai ni makaranta."

Da zan iya janye wannan maganar da na janye, ba don ƙarya ba ce, sai don a gaban mutane na faɗe ta, kuma da ƙarfi, yadda zuciya ke sa ni. Hatimin yana aljihuna, ina jin nauyinsa. Na san in na buga shi a saniyar nan, duk wanda na buga a baya ya zama tawada kawai. Na sa aka kawo kananzir, na kwarara wa naman da hannuna don kada wani ya yi sha'awarsa, aka ja shi bayan kwata aka binne.

Baffa ya wanke wuƙaƙensa, ya tafi teburinsa ya zauna. Bai tafi gida ba. Ya zauna a bayan tebur ba ko tsoka ɗaya a kai har rana ta take, masu saye suna zuwa su gaishe shi su wuce gaba. Mahauta kowa ya duƙufa a kan nasa naman kamar bai gani ba. Babu wanda ya yanko masa komai. Mutumin da ya cika teburin rabin mutanen kwatar nan a shekarunsa. Ina kallonsa daga nesa, na ji haushinsu duka, na kuma ji haushin kaina.

Da magariba na fito zaure na tarar an naɗe tabarma. An kai wa Baffa tuwonsa ɗaki, ni ma an kai mini nawa. Washegari na durƙusa na gaishe shi, ya ɗaga mini hannu kawai. Haka muka yi ta tafiya. Bai zage ni ba, bai kore ni daga gida ba, da ya yi ɗaya cikinsu da ya fi mini sauƙi. A kwata in saniyarsa ta shirya sai ya ja baya ya ba ni wuri, in duba in buga, ya sa a ɗauka. Ya daina juyo shaidar wajen hanya.

Na je wurin kantoma na ba shi labari. Ya yaba mini ƙwarai, ya ce irina hukuma ke nema, sannan ya nuna mini rufin ofishinsa da ke yoyo, na gane ba shi da abin yi wa Baffa. Na je wurin sarkin fawa na ce masa babu mai ganin cikin saniya a kara, wanda ya sayi mai ciwo da wanda tasa ta faɗi a hanya duk ɗaya ne, kunyar ta mai ɓoyewa ce. Ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni shekaruna nawa, ya ce in gaida gida.

Damina ta zo ta wuce. Hukumarmu ta gina kwalbati biyu, ta gyara wata rijiya, aka fara harsashin sakatariya, masu yi mana dariya suka rage. Ni dai ina nan ina cin tuwo ni kaɗai a ɗaki.

Saura kaɗan mu cika shekara, wata safiya wani magidanci da teburinsa ke kusa da na Baffa ya buɗe cikin saniyarsa. Mutum ne mai iyali da yawa, ba shi da ƙarfi sosai a sana'ar. Ban ga abin da ya faru ba, daga baya aka ba ni labari: ya ga huhun, ya waiga, ya tura shi ƙarƙashin fata. Abin da na ji da kunnena shi ne muryar Baffa, karo na farko cikin watanni tana nufo ni.

"Malamin hukuma, zo ka duba wanga huhu."

Ya janyo shi da hannunsa ya shimfiɗa a fili. Irin na farar saniyar ne sak. Magidancin ya fara roƙo, idonsa ya kawo ruwa, mutane suka taru, wasu suna guna-guni cewa tsoho ya rama a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ni ma haka na zata, kuma raina ya ɓaci. Amma aiki aiki ne, na aika a kawo kananzir.

Muna dawowa daga bayan kwata na ga Baffa ya koma kan tasa saniyar, wadda na riga na buga wa hatimi. Ya sa wuƙa a cinya ya yanko babban yanki, ba irin guntun da ake bayarwa don fita kunya ba. Ya ratsa tsakiyar mutane da shi a hannu, ya nufi teburin magidancin. Sarkin fawa ya tare shi ya tuna masa cewa ba a cika teburin wanda aka ƙwace wa. Baffa ya dube shi.

"Na san zaman teburi wohi. Ba ni son wani shi san shi."

Sarkin fawa ya juya ya ce wa na kusa da shi ya miƙo masa wuƙarsa. Daga nan sai aka shiga yankowa, wannan ya kawo tozo, wancan ya kawo hanta, har teburin ya fi na wasu cika. Tun daga ranar ban sake samun huhu ƙarƙashin fata a kwatar nan ba, masu saniya ke kirana da kansu. A bikin cika shekara kantoma ya lissafa kwalbati da rijiya, bai ambaci kwata ba, kuma ban damu ba, na san abin da muka gina.

Amma a waccan safiyar Baffa bai ajiye yankinsa nan da nan ba. Ya juya shi a hannu, ya kira ni.

"Babu hatimi ga wanga yanki. Buga, kada mutane su ce na wadda anka bizne na."

Ya riƙe mini naman da hannu biyu. Na ciro hatimin, na buga a karkace, rabi a nama rabi a babban yatsansa. Ya dubi yatsan, ya ce duk karatun nan bai koya mini saiti ba.

Da magariba na tarar da tabarma a shimfiɗe a zaure, kwano ɗaya a kai. Ya ce mini bismilla. Na zauna, muka sa hannu, ina kallon shuɗin yatsan nan yana gutsuro tuwo yana turo mini wajen da miya ta fi yawa.