Ranar da Muka Harbi Hadari

A shekarar fari na biyu da na gani da idona, lokacin soja na riƙe da ƙasa, aka tura ni koyarwa wani ƙauye da ke arewa da Gidan Amumune. Aikina na farko ke nan bayan na fito makarantar horon malamai. Lakwal ɗin, wato makarantar boko, aji ɗaya ce, rumfar zana, da allo da hoton shugaban ƙasa cikin kaki. Babu gidan malami, sai maigari ya sauke ni gidan wani dattijo mai facin tayar keke da ta amalanke. Ina kiransa Baba, matarsa kuma Inna. Su suna kirana Mushe, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal a wajen.

Daminar da ta wuce ba ta ba su abin kirki ba. Kafin bazara rumbuna sun zama fanko. Motar soja kan zo jefi-jefi da jar dawa da madarar gari cikin kwali, a raba a ƙofar maigari. Yaran ajina suna zuwa, amma jikinsu ne kawai ke zuwa. In yi tambaya, su dube ni da ido, wasu su kifa kai bisa gwiwa. Na so in sami abin da zai sa su ɗaga kai ko sau ɗaya kafin a rufe lakwal. Sai na tuna da abin da wani malaminmu na kimiyya ya taɓa nuna mana: roka ta takarda, wadda ba wuta ke tashinta ba, iska ce da aka matse.

Na kai wa Baba maganar yana zaune gindin itacen bedi yana shafa wa robar taya gam.

"Mi ka ce sunanta?"

"Roka, Baba."

"To, kada ka sake faɗin sunan ga da ƙarfi. In jandarma suka ji Mushe na ƙera roka, ni da kai sai gidan kaso a Mayahi, kuma ni ban iya cin tuwon gidan kaso ba, haƙorana sun ƙare."

Ya yi dariya, amma shi ya haɗa mini abin harbawar. Ya samo guntun bututun ƙarfe da masu haƙa rijiya suka bari, ya toshe gindinsa, ya dasa masa bakin iska na tayar keke. A ɗaya bakin ya ɗaura makunnin ruwa mai hannu, sama da shi kuma siririn bututun roba. Sai a buga iska cikin ƙarfen da famfon keke har hannu ya gaza, a zura rokar bisa bututun roba, a murɗa makunnin gaba ɗaya.

Ni da yara muka ɗauki aikin takarda. Kwalin madara ya yi kauri, sai muka riƙa jiƙa shi kaɗan muna ɓare shi, mu ɗauki fallen waje mai santsi. Muka naɗe shi a jikin bututun roba don faɗinsu ya zo daidai, muka manne da ƙaro da yara suka tsinko a daji aka jiƙa. In rokar ta yi tsam da yawa ba ta fita, in ta yi sako-sako iska ta zurare ta gefe. Hancin muka naɗa shi da tsini kamar malfa, muka cusa masa ɗan curin laka don nauyi ya koma gaba. Fikafikai kuma a gindi, kuma dole su miƙe, don in ɗaya ya karkace sai ta yi ta juyi kamar kazar da aka yanka. Na farkon da muka gwada sun fashe, wasu sun tashi sun faɗa kan rumfa. A hankali muka gane. Babbar da muka yi daga ƙarshe ta kai mini ƙirji in an tsayar da ita, yara suka shafa mata shuni da jar ƙasa.

A cikin kwanakin nan ne Baba ya yi binne. Wanda bai san noman wajen ba, binne shi ne a shuka gero cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ruwan farko ya tarar da iri a rami. In ruwan ya zo da yawa, mai binne ya riga kowa. In ya zo kaɗan, iri ya tsiro ya ƙone. Masu hali sukan binne rabi su ajiye rabi. Irin Baba bai kai a raba ba. Abin da ya rage masa a tulu bayan yunwar shekara, shi ya kai gona duka.

Muka sa ranar harba babbar rokar, da la'asar, a fili bayan lakwal. Mutane suka fito fiye da yadda na zata, har da mata a bakin danga da Fulanin da suka zo rijiya. Gari yana yamma da mu, don haka na karkata bututun gabas, wajen wata doguwar jigawa, kada ta faɗa kan gidan wani. Baba ya buga iska har jijiyar wuyansa ta fito. Na murɗa makunnin.

Ta fita da ƙara kamar an fasa salka. Ta miƙe sama sak, ta wuce tsayin gawo nesa, ta ƙanƙance har ta koma kamar tsinke. Yara suka yi ihu, irin ihun da ban taɓa ji daga bakinsu ba. Kowa ya ɗaga kai yana bin ta da ido, da yawa suna nuna ta da hannu. A nan ne muka ga abin da jigawa ta ɓoye mana: hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, kansa ya fara leƙowa, rokar kuma ta nufe shi kai tsaye.

Ihu ya mutu. Hannuwa suka sauka. A ƙauyen nan ba a nuna hadari da yatsa, ba a yin fito in ya haɗu, ko taɓarya mace ba ta ɗagawa sama sai ya zuba. Ga shi mun taru gari guda mun harbe shi da abu mai tsini.

Hadarin ya hau har tsakiyar sama, iska ta taso, aka yi yayyafi wanda bai wuce ya jiƙa bayan ƙasa ba, sannan ya yi kudu ya watse. Bayan 'yan kwanaki binnen mutane ya tsiro, siriri kamar gashi. Rana ta buɗe, tsiron ya kwanta. Na bi Baba gona, na ga yana tona rami da yatsa yana duba ƙwayar da ta fashe ta bushe. 

Suna da al'ada a kan wanda shukarsa ta mutu kuma ba shi da na sakewa. Ranar Juma'a zai ajiye ƙwarya a zauren maigari, a rufe da faifai. Duk mai sauran iri zai shiga shi kaɗai ya zuba abin da hannunsa ya ɗauka, ba wanda ya san na wani. Baba ya kai tasa tare da ta wasu mutum biyu. Da yamma nasu suka dawo da nauyi. Tasa ta dawo yadda ta tafi.

Inna ce ta faɗa mini dalili, tana tankaɗe, ba ta dube ni ba.

"Mushe, cewa suke shi ya hura ma abin ga iska. Kai baƙo ne, ɗan lakwal, ba ka san komi ba. Shi ko da furfurarshi."

Na tafi wurin maigari, na tarar da shi da liman. Na durƙusa na gaishe su, na ce, "Ranka ya daɗe, takarda ce da ƙaro. Ko tsayin da shaho ke kaiwa ba ta kai ba."

Liman ya ce, "Mushe, ni na sani. Ruwa na Allah ne, kwali bai kore shi. Na faɗa masu a masallaci, sun ce haka ne, Allah gafarta Malam, suka tashi suka tafi. Mutumin da ɗiyanshi ke kwana da yunwa, in ya ga abu da idonshi, ba ka fidda mashi shi da wa'azi ɗaya."

Maigari ya ce, "Ba gardama za ta cika ƙwaryar mai masaukinka ba. Ka zo Juma'a da abubuwan nan gaban mutane, ka ce kai ka sa shi, ka roƙi gafara, ka lalata su. In ka iya."

Na kwana biyu ina juya maganar. Watanni na yi ina koya wa yaran nan cewa hadari tururin ruwa ne da rana ta ɗaga, iska ke kawo shi, iska ke tafiya da shi. Yanzu a gabansu zan tsaya in nemi gafarar korar sa. Baba da ya ji ya ce in bari. "Kai malami ne, kada ka zubar da girmanka don tiya guda ta gero. In ta ƙi, sai in bi masu tafiya kudu." Na san abin da tafiya kudu take nufi ga mai shekarunsa: ya bar gonar ubansa, ya je ya zauna bakin tasha a garin da ba wanda ya san shi.

Ranar Juma'a bayan an sallame, na zo da rokokin a rungume, babbar da ƙananan. Yaran ajina suna tsaye a gefe. Na ce ni na kawo wannan abu garin, ni na roƙi Baba ya taimake ni don yana mai masaukina ba zai iya ƙi ba, ni na zaɓi ranar, ni na juya bakin bututun gabas. Duk wannan gaskiya ne. Sannan na ce a yafe mini. Ban ce rokar ta kori hadari ba, ba kuma wanda ya nemi in faɗa.

Wani tsoho ya ce, "To, Mushe, yanzu da ka ga sama kusa, mi suka ce maka can?"

Wasu suka yi dariya, dariyar farko tun ranar. Na ajiye rokokin ƙasa na taka su ɗaya bayan ɗaya. Babbar ta yi taurin kai, ƙaron ya kama sosai, sai da na sa gwiwa na karya ta. Wata yarinya cikin ɗalibaina, wadda ta yanka fikafikan, ta rufe fuska da gyale.

Da yamma aka aiko da ƙwaryar Baba, wadda aka sake ajiyewa a zauren maigari. Ba ta cika ba, amma ta wuce rabi, gero iri-iri a gauraye, na wannan gida da na wancan.

Ruwan kirki ya sauka bayan an rufe lakwal. Ban tafi hutu garinmu Tasawa ba sai da muka yi shuka. Baba na gaba yana sara da sungumi, ni ina baya ina jefa iri ina rufewa da diddige, yana waiwayowa yana cewa na cika hannu, iri ba na gwamnati ba ne.

Geron ya tashi har gwiwa. Daga nan ruwa ya ɗauke, a tsakiyar damina, bai dawo ba. Da na komo daga hutu na tarar da gonakin ƙauyen duka sun yi fari, tun daga jigawa har bakin rijiya. Na sami Baba a tasa gonar yana yankan kara don awaki. Na yi masa jaje. Ya miƙe, ya dafa ƙugu, ya dubi gonar maƙwabcinsa ta dama da ta hagu.

"Alhamdu lillahi, Mushe," ya ce. "Tawa tare da ta mutane ta mutu."