Gurbin Marigayi a Mayanka

Da na ajiye alli, ƙungiyar mahautan unguwarmu a Garwa ta ɗauke ni sakatare. Ba don na san nama ba, har yau ba na bambance cinya da kafaɗa sai an gasa. Sun ɗauke ni ne don ina iya rubuta wa hukuma takarda da Faransanci marar tangarɗa, kuma a garin nan wannan ma sana'a ce. Kowa Metir yake kirana, wato malamin makaranta, har waɗanda ban taɓa koya wa komai ba, su ne ma suka fi yawa.

Babban aikina shi ne jerin gurabe. Mayankarmu ƙarama ce, ƙugiyoyin rataye nama goma sha biyu, mahauta kuwa sun ninka su. Saboda haka kowa da gurbinsa: ranakun da zai yanka da ƙugiyar da zai rataye. Wanda ba shi da gurbi ba ya yanka, sai dai ya yi dakon naman wani. Akwai kuma jerin masu jira, wanda tafiyarsa ta hawainiya ce. Kullum bayan sallar asuba in tsaya da littafina in kira suna, mai suna ya amsa, in sa alama.

In mahauci ya rasu, ba a taɓa sunansa sai matarsa ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma. Ranarsa ta zo, in kira shi kamar kullum, wani cikin 'yan'uwa ya ce, "Yana nan." Shi zai yanka a ƙugiyar marigayin, abin da aka samu a kai gidan. In takaba ta ƙare, dangi su kawo ɗa ko ƙane ya gaji gurbin. Ba a rubuce wannan yake ba, ba a ma zancensa. Rubuta cewa mutum ya mutu alhali matarsa na zaune a ɗaki, a wurinsu kamar korarsa ce karo na biyu. Dokar ƙungiya da na tsara da hannuna ƙa'ida goma sha tara ce, kuma a cikinta ba wanda ke mutuwa.

Duk wata nakan kai jerin a buga mini a shagon wata madam 'yar kudu, kusa da meri, wato ofishin magajin gari. Wata rana na tarar tana cusa takardu a kwali.

"Metir, na rufe," ta ce. "Kowa ya zama sakataren kansa."

Ta karɓi wayata ta nuna mini abin da ya cinye mata shago, wannan ƙirƙirarriyar basira da ake ta yayi. "Gaya mata abin da kake so yadda kake gaya mini. Bambancinmu, ita ba ta fita cin abincin rana."

Na koma gida na gwada, da niyyar in kama ta da kuskuren nahawu. Ban samu ba, abin ya ba ni haushi. Na yi mata bayanin aikinmu. Kafin shayina ya huce ta gina mini ƙaramar manhaja, ni da ban san yadda ake haɗa ko ƙararrawar keke ba. Da la'asar za ta aika wa kowa saƙo: gobe ranarka ce, ƙugiya ta kaza. Da safe mutum ya danna koren ɗigo a wayarsa, shi ne amsa suna. Na ce mata yawancinsu ba sa karatu, ta ce za ta aika da murya, da Hausa da Fillanci. Hausarta irin ta mai labarai ce da mura ta kama, amma ana ganewa. Na sa kuma duk canjin da aka samu ta aika wa jami'in meri kwafi, don su san mahauta ma sun waye.

Sai na loda mata dokar ƙungiya. Ta tsaya a ƙa'ida ta goma sha ɗaya: wanda ya yi fashi sau uku a jere ba tare da sanarwa ba, gurbinsa ya koma ga na farkon masu jira. Na rubuta ta ne shekarun baya don takarda ta yi kwarjini, ba a taɓa aiki da ita ba. Manhajar ta tambaye ni: ta zartar da kanta, ko ta jira amincewata? Akwai wanda aka ware daga wannan hukunci?

Wannan ne wurin da ba na son tunawa. Ta tambaya. Shekara talatin ina ce wa yara su karanta tambaya sau biyu kafin su ɗauki biro. Amma gwiwoyina sun gaji da sammako, kuma akwai wani daɗi da tsohon malami ke ji in ya sami ɗalibin da ba ya musu. Na ce ta zartar. Na ce ba wanda aka ware.

Na daina zuwa da asuba. Kiran suna ya mutu, ba wanda ya yi masa ta'aziyya. Wata biyar komai na tafiya sumul, har sakatarorin wasu ƙungiyoyi suna zuwa ganin yadda na yi, ni kuma ina yi musu bayani da muryar aji.

Cikin zafin bazara, lokacin da kogin Binuwai kan janye ya bar yashi, wani dattijo mai ƙugiya ta bakwai ya rasu. Litinin da Alhamis ne ranakunsa. Mutum ne marar magana, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya biyar, duka ƙanana. Na bi gawarsa, na zauna makoki kwana uku, na ci gumba. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa ina da ma'aikaciyar da ba ta je jana'iza ba.

'Yan'uwa suka yi abin da aka saba, suka yanka a ƙugiyarsa suka kai gidan. Sai dai ba wanda za su ce wa yana nan, wayarsa kuwa tana aljihun rigarsa a ɗakin matarsa. Litinin, Alhamis, Litinin. Da hantsin Litinin ta biyu saƙonni suka fita.

Ɗaya ya tafi meri. Ɗaya ya tafi ga na farkon masu jira, wani mahauci ɗan mahauci da ya gudo daga Mora da iyalinsa lokacin da hare-hare suka yi yawa, shekara shida yana dakon naman wasu. Bai ko wanke hannu ba ya hau mashin zuwa meri, aka buga masa hatimi a kati. Da yamma ya raba sadakar ƙosai.

Na ukun ya shiga ɗakin takaba. Matar ta ji rigar mijinta na kuka, ta ciro wayar ta danna. Muryar ta yi sallama, ta kira shi da cikakken sunansa, ta sanar da shi cikin ladabi cewa ya yi fashi sau uku ba tare da uzuri ba, don haka an ba wani gurbinsa. Ta rufe da yi masa fatan alheri.

Washegari Sarkin Fawa ya tara mu a rumfar mayanka. Tsoho ne mai ƙaramar murya, sai an yi shiru ake jinsa, shi ya sa ake yin shirun.

"Metir, wa ya kori mamaci?"

"Ranka ya daɗe, na'ura ce."

"Ta san shi?"

"Ba ta san ya rasu ba."

"Kai fa?"

Wani daga baya ya ce, "A kirawo ta mana, ta zo ta durƙusa." Aka ɗan yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

"Mu da ba mu yi lakwal ba," in ji wani, yana nufin makaranta, "mun san ba a tuhumar gawa da makara. Sai da aka kawo mai ilimi."

Mutumin Mora ya miƙe, katin na hannunsa. "Sarki, ni ban roƙa ba, ban kuma san na marigayi ba ne. An ce nawa ne, na gaya wa 'ya'yana. In an ce in mayar, zan mayar, amma a ba ni wanda zai je ya gaya musu."

Ba wanda ya ɗaga kai. Sarki ya ce in je meri in warware abin da na ƙulla.

Na sa manhajar ta rubuta takardar roƙo. Da na gaya mata abin da ya faru, ta ba ni haƙuri sau uku a layi biyu. Ban taɓa ganin mai saurin tuba irinta ba, wataƙila don ba ita ce da laifin ba. Takardar kuwa ta yi kyau, da ɗalibi ne da na ba shi sha takwas cikin ashirin. Jami'in ya karanta, ya yaba, ya jawo dokarmu daga cikin fayil.

"Metir, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

"Nuna mini inda aka ce mamaci na riƙe gurbi."

Na ce al'ada ce. Ya ce yana girmama al'ada ƙwarai, amma ba shi da fayil ɗinta. Kati ya riga ya fita.

Hukuncin Sarki gajere ne. Gurbi ya zauna inda hatimi ya ajiye shi. Mutumin Mora zai riƙa kai kai da ƙafa da kayan ciki gidan marigayi har takaba ta ƙare. Ya kuwa cika, wani lokaci har da tsoka. Amma kayan ciki ba gado ba ne. Ƙanen marigayin, da ya sallama aikinsa a Rey Bouba ya taho don ya riƙe ƙugiyar ya riƙe marayu, ya iso ya tarar ba abin riƙewa.

Na je gidan marigayin. Matarsa ta zauna bayan labule, ni a tabarma a tsakar gida, yayanta na gefe. Na shirya jawabi tun a hanya, mai gabatarwa da kammalawa. Ba ta bari na kai rabi ba.

"Metir, muryar nan ta wace ce?"

"Ba ta kowa ba ce, Hajiya. Haɗa ta aka yi."

"Na ɗauka wata ce a ofis, na ce ko ba ta da labari. Har na yafe mata."

"Ni ne ban gaya mata ba."

"To," ta ce. "Allah ya ba mu haƙuri." Ban ji ta ce ta yafe ba, ban kuma ga fuskar da zan tambaya da ita ba.

Ba a sallame ni ba, don ba wanda ya iya sarrafa manhajar sai ni. Na ƙara ƙa'ida ta ashirin: ba a taɓa gurbin mamaci sai matarsa ta fita takaba. Yanzu in mahauci ya rasu, daga maƙabarta nake ciro waya in shigar da ranar, ƙurar kabari na hannuna, mutane na kawar da kai.

Da ta fita takaba, danginta suka zo da mota suka kwashe ta da yara uku zuwa Ngawundere. Biyun aka bar wa ƙanen, wanda yanzu yake dakon nama a ƙugiya ta bakwai. Ni na sa sunansa a ƙarshen jerin masu jira. Duk farkon wata manhajar takan aika masa saƙo ta sanar da shi matsayinsa. A wannan watan shi ne na ashirin da uku.