Balkisa Mai Tambaya da Zuciyar Malam Salmanu

Balkisa dai tun tana Maradi ake ce mata uwar tambaya. Ta zo Paris karatu, ta ɗan taɓa tsaron shagon atamfa a unguwar Château Rouge, amma mai shagon ta sallame ta, don kafin ta sayar da turmi ɗaya sai ta ji wa zai yi aure, kuma ɗiyar wa ce. Daga nan ta koma Lyon, ta samu ɗaki a unguwar Minguettes, ta kama aikin tura marasa lafiya a keke a wani asibitin soja mai sashen zuciya.

Kai, nan fa ta samu gonarta! Cikin wata uku ta san an gina wurin ne don sojojin da suka dawo yaƙi da rauni, daga baya aka buɗe wa kowa. Ta san yadda ake zura siririyar waya ta wuyan hannu har a buɗe jijiyar da ta toshe, da yadda ake dasa ɗan batir ƙarƙashin fata don daidaita bugun zuciya. Ta ishi wani tsohon lokotoro, wato likita, mai galan ɗin soja a kafaɗa da tambaya har yana canja hanya in ya hango ta.

Wata Talata da hantsi aka ba ta wani dattijo, Malam Salmanu, mutumin Damagaram da ya tsufa yana tuƙin bas a Vaulx-en-Velin, nan gefen Lyon. Ya gaya wa malamar jinya da faransanci cewa yana da "mal au cœur". To su Faransawa a bakinsu wannan tashin zuciya ne kawai, irin na mai jin amai, don haka aka ce ta kai shi layin masu ciwon ciki ya jira.

Bakin Balkisa ina zai yi shiru?

"Baba, me kuka ci jiya?"

Dattijon ya ɗago da jin Hausa. "Ɗiyata, ba ci ba ne. Ƙirjina kamar an aza mini buhun gero, ga hannun hagu ya mutu."

Ashe "zuciyata ke ciwo" ya ɗauko daga Hausa ya juye yadda take, kuma mutumin nan mutuwa yake yi a hannunta. Ba aikinta ba ne ta canja wa majinyaci layi, amma ta juya keken da gudu tana ƙwala wa tsohon lokotoron kira. Kafin azahar an buɗe masa jijiyar zuciyar da ta toshe.

Washegari ta leƙa ɗakinsa. Da ya gan ta, idonsa ya cika da hawaye.

"Shekara arba'in ina zuba faransanci a garin nan, har gyara wa 'ya'yana nake yi," in ji shi. "Su ko kalma goma ta Hausa ban koya musu ba. Da su suka kawo ni, da yanzu ana yi mini wankan gawa."