Batirin da Na Yi Ta Cetowa

Shekara biyar ke nan da rasuwar maigidana, Malam Nasiru mai gyaran kayan lantarki a Badariya, kuma har yau ban san ko haƙuri zan ba shi ba, ko masifa zan yi masa.

A shekararsa ta ƙarshe wani ɗan allon lantarki kore na gwaji ya ɗauke masa hankali. Aikin allon shi ne ya faɗi cajin da ya rage a batir. Kawunsa na Argungu yana ban ruwan shinkafa da famfon sola, ma'aunin famfon kuwa maƙaryaci ne: yana nuna kashi arba'in sai ruwa ya tsaya. Malam ya yi alkawarin haɗa masa na gaskiya.

Yakan jona allon da batir da wata 'yar fitila, ya tafi shago. Ni kuwa 'yar garin nan ce, da an kawo wuta hannuna ba ya zama, komai sai na cusa shi a soket. In na ga fitilar ta fara dushewa sai in ce bawan Allah ya manta, in sa wa batirin caji. Da yamma ya dawo ya duba kwamfutarsa, ya yi tagumi.

"Wanga allo dai bai koya ba," yakan ce.

Ni ina ruwana da karatun allo? Haka ya rasu bai cika alkawarin ba.

Bara abokinsa Bulus, mutumin Filato da ke da shago a unguwar Nasarawa, ya kawo mini allon da littafin aikin Malam, waɗanda ya adana. Shi ya yi mini bayani: sai batir ya cika, ya huta, ya zube har ƙasa ba a taɓa shi ba, sannan allon yake sanin girmansa. Ashe ni na yi ta rushe aikin, mutum ya tafi kabari yana ganin ya gaza.

Na ce, "Oga Bulus, ni ce. Ni nika sa mishi caji."

Ya ce, "Maman Zainabu, buɗe littafin."

Shafi bayan shafi, da rubutunsa mai kama da tafiyar tururuwa: "An kawo wuta, Hajara ta taimaka. A sake." Sunana ne a rubuce, har sau bakwai.

To ya sani! Me ya hana shi magana? Ko ya ɗauke allon zuwa shago mana? Wata rana in ce kunya ce, wata rana in ce raina kaina ya yi, yana ganin ba zan gane ba. Akwai ranar da nake tunanin daɗi yake ji wani yana kula da kayansa. Yau da ma'aunai suka cika kasuwa, har kawu ya sayi nasa, ban san ko Malam zai yi dariya ba, ko zai buɗe bayansu ya ce ƙarya suke yi.

A makon jiya na jona allon yadda Bulus ya nuna mini. Ana tsakiyar haka aka kawo wuta, unguwa ta ɗauki ihu. Na zauna a kan hannuwana ina kallon fitilar har ta mutu. Bayan batirin ya huta, Bulus ya duba, ya ce allon ya koya, aikin Malam ba shi da aibu ko ɗaya.

Na ɗauki biro na rubuta a ƙasan layinsa na ƙarshe: "An kawo wuta, Hajara ba ta taimaka ba." Allah Ya jiƙan ka, Malam. Amma da ka faɗa mini.